Ƙanena ya yarda a kai shi asibiti, Baba kuma ya ce sai gidan malam

Yayar Auta:
Slm jama'a, dan Allah shawara nike nema, na ɓoye suna saboda Katsina kowa ya san kowa. Autanmu ne, shekararshi 23, tela ne kuma wlh ya iya ɗinki. Wata ƙaramar salla ya fara shan tiramol wai don ya iya kwana kan keke, daga nan abu ya zarce, yau shekara uku, har roci, ƙwayar sa barci, yake haɗawa in zai kwanta. Keken ma ya saida. Satin da ya wuce ya yanke jiki ya faɗi bakin shago yana jijjiga, a Napep aka kawo shi gida. Da dare ya same ni yana kuka ya ce Yaya na gaji ki taimake ni. To Baba ya rantse ɗanshi ba zai je asibitin mahaukata ba, akwai wani malami a ƙauye da ake kai irin su. Inna kuma bikin ƙanwata take ji, saura wata biyu, kada dangin miji su ce gidan 'yan ƙwaya ne. Shi kuma yaron tsoronshi ɗauri da NDLEA. Ni ina gidan miji, ɗan albashin koyarwa ne gare ni. Ta ina zan fara?

Na Kusugu:
Wslm. Baiwar Allah ki tuna ma Baba abin da ya faru nan Daura a Oktoba 2019, lokacin da 'yan sanda suka shiga gidan marin nan na Sabon Gari suka fito da mutum 67, wasu da sasari a ƙafa, jiki duk tabon bulala. Kafin nan an yi na Rigasa a Kaduna. Iyayen yaran nan ba mugaye ba ne, gyara suka je nema da kuɗinsu. Duk inda aka ce ba za ku ga yaro ba sai bayan wata kaza, ku gudu.

Nas Maman Biyu:
Yaya ni nas ce. Abu na farko, kada wanda ya kulle yaron nan a ɗaki ya ce bari ƙwayar ta fita daga jikinshi. Tiramol in an yanke ta lokaci guda akwai ciwon gaɓɓai, zufa, zawo, majina, rashin barci, mutum ya ji kamar zai mutu, amma wadda ta fi ba ni tsoro ita ce rocin, irin su roci da diazepam in jiki ya saba aka tsaida su kwatsam suna kawo jijjiga mai kisa. A hankali likita ke rage su. Faɗuwar da ya yi kuma sananniya ce ga masu shan tiramol da yawa, ta asibiti 50mg ce ko 100mg, su kuwa ta bayan fage mai 225mg suke afawa, wani biyu uku a tashi ɗaya.

To wannan faɗuwar ita ce ƙofarki. Ki daina cewa asibitin mahaukata gaban Baba, ki ce za a kai shi likita ya duba dalilin jijjigar, kuma ba ƙarya kika yi ba. Ku yanki kati a Asibitin Koyarwa na Tarayya nan Katsina, wanda muka saba ce ma FMC, ku faɗa ma likita gaskiya, mi yake sha, guda nawa, yaushe ya sha ta ƙarshe. Ba kowa ake kwantarwa ba, da yawa daga gida suke zuwa kilinik. In sai an kwantar, akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na Dawanau a Kano, Kware a Sakkwato, da Barnawa a Kaduna mai sashe na musamman na masu shaye-shaye. Nisan ma rufin asiri ne in Inna surutu take gudu.

Batun NDLEA, suna da ɓangaren ba da shawara daban da na kame, akwai layin kyauta 0800 1020 3040, shi da kanshi zai iya kira daga ɗaki.

Abu Safwan:
Ku dai ku daina raina addu'a. Ba kowane malami ke ɗaure mutane ba.

Nas Maman Biyu:
Malam ba wanda ya raina. A yi ruƙiyya a gida, a yi sauka, a sha rubutu, duk bai hana ganin likita. Mai hawan jini ma ai addu'a yake yana shan maganinshi.

Tsohon Ɗan Hannu:
Ni na sha kodin shekara huɗu, da gwamnati ta hana shi a 2018 ya yi tsada na koma tiramol, don haka na san abin da ke ran yaron nan. Wannan "na gaji" da ya ce ba ta daɗewa wlh, kwana biyu in jiki ya fara ciwo zai ce shi lafiyarshi lau, ki yi sauri tun ƙarfen na da zafi. Kuma kada ku tara mashi taron dangi kowa na Allah wadai, ni ranar da aka yi mani haka daga wurin majalisa na wuce na sha kwalba biyu. Wanda ya ja ni asibiti kawuna ne, bai taɓa zagi na ba, kullum da safe zai zo da mashin ya ce hau mu tafi. Sau biyu ina komawa ruwa kafin in tsaya, in ya koma kada ku ce asara aka yi, ku maida shi wurin likita. Amma ki gaya mashi wanda ya daina ya dawo ya sha adadin da ya saba da, nan ake mutuwa, don jikin ya riga ya manta. Ku canza mashi layi, kuma a nemo mashi keke ko na haya ne, zaman banza shi ke maida mutum majalisa.

Hajiya Goggo:
'Yata, tsoho bai karɓar gyara daga bakin ɗiyarshi, ko da gaskiyarta. Nemi wanda yake jin nauyi, limaminsu ko yayanshi ko aminin da suke zama da shi bayan la'asar, ki same shi a keɓe. Innarku kuma ki tambaye ta, wanne ya fi, a ce yaro ya je Kaduna jinya ko ya faɗi gaban 'yan ɗaurin aure? Unguwa dai ta riga ta sani tun ranar Napep. Kuɗi kuma kada ki ɗauka ke kaɗai, ki kira 'yan uwanku kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa, kuma kada a damƙa ma yaron a hannu, ke ki biya.

Yayar Auta:
Na gode ƙwarai Allah ya saka. Jiya na je wurin Baffa, yayan Baba, har na nuna mashi hotunan Daura a waya, ya daɗe bai ce komai ba sannan ya ce in bar mashi. Yau da safe Baba ya kira ni, bai ce ya yarda ba, cewa ya yi "in za ku je ku tafi da wuri kafin layi ya yi tsawo". Inna har yanzu ba ta mani magana. Litinin za mu je insha Allah ni da shi da Baffa. Nas dan Allah, daga yau zuwa Litinin ɗin ya za mu yi da rocin, tunda kin ce kada a yanke?