Ƙanwata ta ci 238 a JAMB amma D7 ta samu a Fiziks, me za mu yi?

Ɗan Kurna:
Assalamu alaikum. Ni mai gyaran waya ne, karatuna bai wuce sakandare ba, kuma tun rasuwar Baba ni nake riƙe da karatun ƙanwata. Ta ci 238 cikin 400 a JAMB, ta cike likitanci. Da WAEC ta fito, Turanci, Lissafi, Kemistiri da Bayoloji duk kiredit, sai Fiziks D7, wadda ba ta kai kiredit ba. Ta yi NECO ma, sakamakon bai fito ba tukuna. Kwana uku ke nan ba ta cin abincin kirki. Wani ya ce in kawo dubu ɗari da hamsin zai shigar da sunanta. Kuɗin akwai, na tara ne don kayan shago. In ba shi?

Malamin Kemistiri:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, riƙe kuɗinka. Tun 2017 gurbin karatu ta CAPS yake bi, wato shafin JAMB inda jami'a ke tura sunan ɗalibi, JAMB ta amince, shi kuma ɗalibin ya karɓa da hannunsa. Takardar da ba ta bi ta nan ba, sai an zo bautar ƙasa ake gane ba ta da tushe.

Abin da ya tsaya muku shi ne D7 ɗin nan. Likitanci yana neman kiredit biyar: Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri, Bayoloji, kuma jami'o'i da yawa a zama ɗaya suke so. Canza kwas zuwa harhaɗa magunguna ko aikin jinya bai raba ta da Fiziks ba, su ma suna nema. Don haka NECO za ku zuba wa ido. In biyar ɗin sun fito a cikinta, ta je cibiyar CBT, wato wurin jarrabawar kwamfuta, da JAMB ta yarda da ita a ɗora mata sakamakon nan take. Ina da ɗalibin da ya rasa gurbi saboda rashin ɗorawa kawai, har yau abin na damuna.

Maman Ummi:
Ni zan faɗi abin da ba a so a ji. Ko Fiziks ta fito, 238 a likitanci da kyar ne, gurabe kaɗan ne, masu nema kamar ƙasa. 'Yata ta yi shekara biyu a gida tana jiran likitanci, sai a ta uku ta yarda ta koma kimiyyar gwaje-gwajen asibiti. Shekara biyar ne, yanzu tana aji huɗu, kuma da daɗinta take yi. Ka zauna da yarinyar nan ka tambaye ta: asibitin take so, ko a kira ta Dakta? Akwai gashin ƙashi, akwai ɗaukar hoton asibiti, akwai duba ido. Ta duba littafin kwasa-kwasai na JAMB, ta ga wanda ke karɓar zama biyu, don ta iya haɗa WAEC da NECO.

Tsohon ɗan IJMB:
In ta dage sai likitanci, akwai IJMB, wato karatun share fagen shiga jami'a, da ABU Zariya ke kula da ita. Darussa uku, wajen shekara guda, sai a nemi aji biyu ta DE, wato shiga kai tsaye. Amma can ma maki mai yawa ake so, kuma sai ta gyara Fiziks ɗin dai.

Ɗan Kurna:
Allah ya saka da alheri. Hajiya, na yi mata tambayarki bayan magariba. Ta yi shiru can, sai ta ce tun jinyar Baba take sha'awar masu gasa masa ƙafa, ta ɗauka sai likita ne ke yin wannan aikin. Malam, canza kwas ɗin sai NECO ta fito, ko mu je gobe?