Kulki Mai Launi Biyar: Musayar Baitoci Kan Ƙuruciyar Cao Cao

Malamin Tarihi:
Salamu alaikum 'yan uwa. Yau mun nufi ƙasar Sin, ƙarshen daular Han, mu duba tasowar Cao Cao, babban jagoran yaƙi na zamanin. A baki "Tsau Tsau" ake cewa. Amsa-amonmu "ya". Wanda ya ga na karkace ya miƙar da ni, amma da baiti.

Da sunan Allah nake farawa,
Mai mulki na har abada, Shi ɗaya.

A 155, a garin Qiao,
Cao Cao ya shigo duniya.

Ubansa Cao Song ɗan riƙo ne,
Baban fada, wato dandaƙaƙƙen bawa, ya ba shi tarbiyya.

Cao Teng ke nan, bawan sarakai,
Ya bar musu suna da dukiya.

Masu asali na yi masa gori,
Wai jikan baba ba shi da zuriya.

Shi ko yaron sai farauta,
Shaho a hannu, karnuka a baya.

'Yar Damagaram:
Malam, ka tsallake labarin baffa,
Ni ba zan bar shi a kan hanya.

Baffan na kai ƙara gun uba,
Sai yaron ya ƙulla masa tsiya.

Ya murguɗe baki kamar mai shanyewa,
Baffa ya ruga, wai ɗanka ba lafiya.

Uba ya zo ya same shi garau,
Tun ran nan zancen baffa ya zam ƙarya.

Wanda ya yi haka yana ɗan yaro,
Ni dai ba zan ba shi ajiya.

Ɗan Dogari:
Yaya, ƙuruciya dangin hauka ce,
Dube shi da ya fara riƙe igiya.

Yana ɗan ashirin, a birnin Luoyang,
Dogaran arewa ya zam musu jagaba ɗaya.

Ya jera kulake masu launi biyar,
A ƙofa, kowa ya gani ya kiyaya.

Baffan Jian Shuo ya fito da dare,
Doka ta hana, ya taka don taƙama da dukiya.

Jian Shuo na gaban goshin Sarki Ling,
Amma kulki bai san wannan ba, Yaya.

Aka doki baffan har ya cika,
Birni ya yi tsit, ba mai dariya.

Fadawa sun rasa laifin kama shi,
Suka tura shi Dunqiu da yabo na ƙarya.

A 184 'yan tawaye masu rawani ruwan ɗorawa suka tashi,
Ya hau doki, Yingchuan ya yi tafiya.

Daga nan aka ba shi riƙon Jinan,
Ya shiga ofis-ofis da tsintsiya.

Takwas cikin goma na masu cin hanci,
Ya tuɓe su. Wa ya yi haka jiya?

'Yar Damagaram:
Ƙanena, na yarda da Jinan,
Ba na musun abin da yake gaskiya.

Amma 189, da Dong Zhuo ya danne fada,
Cao Cao ya sauya suna, ya gudu a ɓoye cikin wuya.

Ya sauka gidan Lu Boshe, aminin gida,
Mai gidan ba ya nan, sai 'ya'ya.

Wasu sun ce sun so su ƙwace masa doki,
Wasu sun ce zargi ne kawai a zuciya.

Ya ji ƙarar kwanuka cikin dare,
Ya zare takobi kan masu ba shi lafiya.

Ko wanne ka ɗauka cikin biyun,
Jini ya kwanta a gidan masoya.

Malamin Tarihi:
Ku dakata, akwai wanda ya riga ku wannan gardama. Xu Shao, mai auna mutane a zamanin, ya ce wa Cao Cao a lokacin lafiya zai zama waziri gwani, a lokacin fitina kuwa gwarzo mai makirci. An ce da ya ji sai ya yi dariya.

A Chenliu Cao Cao ya zuba abin hannunsa don tara mayaƙa,
Dubu biyar suka bi shi a baya.

A 190 manya sun haɗu a Suanzao don yaƙar Dong Zhuo,
Sai shagali, ba mai son shan wuya.

Ya fita Xingyang da 'yan tsirarunsa,
Xu Rong, kwamandan Dong Zhuo, ya tare shi, Cao Cao ya sha kibiya.

Dokinsa ya faɗi, ɗan uwansa Cao Hong ya ba shi nasa,
Da ƙyar ya tsira daga maƙiya.

Wannan na gani ya taɓa ni ƙwarai,
Ya faɗi a fili, su sun tsira da kunya.

'Yar Damagaram:
Malam, to mu je 193,
Da aka kashe ubansa a kan hanya.

Ya ɗora laifin kan Tao Qian, gwamnan lardin Xuzhou,
Xuzhou ta sha fansa gaba ɗaya.

Manomi da bai san Cao Song ba,
Da tsoho, da mace mai goyo a baya.

Kogin Si ya toshe da gawarwaki,
Wace doka suka taka, ɗan Yaya?

Ɗan Dogari:
Nan kam baitina ya ƙare,
Ba ni da bakin kare wannan tsiya.

Jinan tana nan, ban janye ta ba,
Xuzhou ma na ɗauka, ba jayayya.

Malam, gobe ɗauko mu daga 196,
Da ya kai Sarki Xian Xuchang ya yi ajiya.