Shekarata 46, in koma hawa keke zuwa kasuwa a Garwa?

Mai shagon atamfa, Garwa

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah shawara nake nema, kuma kar a min dariya don an riga an yi min a gida. A Jambutu nake zaune, shagona yana babbar kasuwa, kullum kilando, wato mashin ɗin haya, nake hawa safe da yamma, wata rana har da rana in na koma cin abinci, abin da ke fita ba ya kasa sefa 600 zuwa 800, kuma tun da aka cire tallafin mai a Najeriya a 2023 man kwalba ya yi tsada yaran nan ko sauraron ciniki ba sa yi. To watan jiya na je lopital saboda jiri da yawan fitsarin dare, aka auna akace suga ta hau, hawan jini ma ya fara leƙowa. Likita ya rubuta magani yace amma dole sai tumbin nan ya ragu. Nace masa ni daga safe har magariba ina kan benci ina auna yadi, yaushe zan je filin ƙwallo na Rumde Ajiya ina zagayawa kamar ɗan wasan Coton Sport? Shine yace to sayi keke mana ka rinƙa zuwa kasuwa da shi.

Maganar ta zauna min wallahi. Amma da na faɗa wa uwargida sai ta ajiye ludayi tace Alhaji so kake unguwa ta ce mun karye? Rabona da keke tun ina lekol. Ga zafin Garwa kun san shi a watan Maris da Afrilu, ga hanya, ga wani abokina da ya rantse min keke na kawo basir kuma yana rage wa namiji ƙarfi. Wanda ya sani ya faɗa min gaskiya.

Tsohon mai faci, Domayo, Marwa

Wa alaikumus salam ɗana. Yarona ne ke rubuta min, ni baki kawai nake sawa. Maganar karyewa ita ta fi ba ni dariya. Lokacin da na fara wannan sana'a, mutum ya sayi Raleigh sabo sai maƙwabta sun zo sun taya shi murna, a naɗe ƙarfen da leda mai launi, a sa madubi biyu, a sa ƙararrawa, ran Juma'a a wanke shi kamar doki. Malaman makaranta da ma'aikatan gwamnati duk shi suke hawa da babbar riga sun naɗe ta a kafaɗa. Da mashinan Sin suka cika gari sai keke ya koma na mai tallan itace da ɗan makaranta, alhali ƙarfen shine dai, idon mutane ne ya canza.

In za ka saya kar ka ruɗu da masu kyalli masu giya 21 da siririyar taya, wannan na 'yan tsere ne, ranar farko da ka sauka daga gudron ka shiga yashi za ka gane. Nemi mai faɗin taya, ko kwance na Turai mai ƙwari ko irin Phoenix ɗin nan mai kariya a baya, yana da nauyi amma kayan gyaransa ko a ƙauye akwai. Kafin ka ba da kuɗi ɗaga shi ka juya taya ka gani ko tana rawa, matsa birki gaba da baya, ka taka feda ka saurara, in kaji ƙas-ƙas to boris ya mutu. Kaca kuma kar ka cika mata baƙin mai da hunturu, ƙura ce za ta manne ta cinye ta, ɗigo kaɗan ka goge da tsumma.

Babban abokin gabarka tsidau ne. Rabin abincina daga tsidau nake ci, Allah ya yafe min. Ƙayar nan tana kwance a gefen hanya inda ciyawa ta bushe, don haka kar ka rinƙa ratsa fili don yanke. Iska kuma ta ishi taya, taya mai laushi ita ke saurin fashewa kuma ita ke gajiyar da mutum. Sirdi ka ɗaga shi yadda in feda ta kai ƙasa ƙafarka ta kusa miƙewa, yawancin masu kukan ciwon gwiwa sirdinsu ne ya yi ƙasa kamar kujerar tsakar gida.

Mu dai a Marwa Allah ya ba mu dalbejiya a bakin hanyoyi, mutum ya yi tafiya mai nisa a inuwa. Duk wanda ya dasa itatuwan nan Allah ya ji ƙansa.

dan kilando

alhaji ka rufa mana asiri kana so ka rage mana kwastoma hhh. amma tsakani da Allah ni kullum ina kan hanya bari in fada maka abinda ido na ke gani, matsalar ba zafi bace hanya ce. gudron din da aka gyara kafin gasar kwallon Afirka ta CAN yayi kyau amma ba a bar ma mai keke ko taku daya ba, gefen da ya kamata ka bi nan mai shayi ya kafa tebur nan mota tayi fakin nan mu muke tsayawa jiran fasinja, dole ka fito tsakiya, ga kamiyon auduga ga manyan motocin da suke dauko kaya daga Ngawundare zasu Kusiri da Njamena, direban yana can sama baya ma ganinka. mu ma muna da laifi ban boye ba, mukan yanko mutum a karfur ba ko hon. in dai zaka hau to rike damanka, karka rinka lankwasa kamar maciji, in zaka juya mika hannu tun da nisa, karka taba shiga gefen kamiyo a kwana. kuma dan Allah sa fitila gaba da baya, bayan magariba mai keke cikin bakar jallabiya wlh aljani ne sai ka zo dab dashi zaka ganshi

Ma'aikaciyar jinya, Ngawundare

Alhaji sannu, Allah ya ƙara sauƙi. Likitanka ya ba ka shawara mai kyau. Hukumar Lafiya ta Duniya tana cewa babban mutum ya samu aƙalla minti 150 a mako na motsa jiki matsakaici, wato wanda numfashi zai ɗan ƙaru amma kana iya magana. In tafiyarka minti 20 ce zuwa, 20 dawowa, cikin kwana huɗu ka wuce wannan, kuma baka ware wani lokaci daban ba, hanyar da dama za ka bi ce. Naman cinya in yana aiki yana jan suga daga jini, shi yasa ake matsa wa masu ciwon suga, kuma ga mai jiki keke ya fi gudu sauƙi a gwiwa tunda sirdi ne ke ɗauke da nauyin.

Amma kar ka ajiye magani don ka fara keke, wannan kuskuren muna ganinsa sosai. Ka tambayi likita wane iri ya ba ka, don insulin da irin su glibenclamide suna iya sa suga ta faɗi ƙasa in mutum ya motsa jiki da yunwa. In kaji rawar jiki, zufa mai sanyi, ido na duhu, sauka nan take ka ci dabino ko ka sha abu mai zaƙi, saboda haka kar aljihunka ya rabu da dabino uku. Ciwon ƙirji kuma ba a jure shi, lopital kai tsaye. Sannan takalmi rufaffe, ba silifas ba, mai suga in feda ta yanke shi a yatsa ciwon yakan daɗe bai warke ba.

Zafi kuwa ka fita da sassafe ka dawo bayan la'asar sakaliya, komawa gida da tsakar rana a bazara ka bar wa kilando ko a aiko maka da kwano. Gorar ruwa a kariya. Da azumi ka sake magana da likita.

Abokinka kuma a gaishe shi. Keke ba ya haifar da basir, wanda dama yake da shi ne sirdi mai tauri zai iya dama masa lissafi. Ɗaya maganar da kuke jin nauyin faɗa, suga da hawan jinin da ba a kula da su ba sun fi keke lalata ta nesa ba kusa ba. In wajen ya yi maka sanyi kamar ya mutu bayan hawa, sirdin ne bai dace ba, a canza mai faɗi.

Ɗalibi, Njamena

Baba mai faci ya gama magana kan ido. Ni na yi wata uku a Wagadugu, can mata da goyo, 'yan mata, tsofaffi, kowa na kan keke, wasu manyan tituna an ware wa masu ƙafa biyu gefensu, ba wanda ke kallon kowa, kuma rana ɗaya ce ke dukanmu da su. Holand ma da ake ta misali da ita ba haka aka haife su ba, motoci sun cika musu gari suna kashe yara, iyaye suka fito zanga-zanga, ga matsalar mai ta 1973, sannan aka fara gina hanyoyin keke da gaske. Njamena shimfiɗe take kamar tabarma, ba tudu ba gangare, amma je ka tsaya gadar Ngeli da safe ka ga yadda masu keke ɗauke da kaya daga Kusiri ke matsewa tsakanin motoci. A meri, wato ofishin magajin gari, ba mai tuna su in ana zana hanya, don mai zanen bai taɓa hawa ba.

Mai shagon atamfa, Garwa

Na gode ƙwarai jama'a, Baba Allah ya ƙara girma, Hajiya dabino na aljihu. Na sayi kwance mai faɗin taya, yau kwana tara. Kwana ukun farko zama kan bencin shago ma da dabara nake yi. Faci ɗaya zuwa yanzu, tsidau ne kuwa, na ratsa filin da akace kar in ratsa.

Shekaranjiya bayan sallar isha'i maƙwabcina ya ja ni gefe bayan masallaci, ya rage murya yace Alhaji duk abin da ya samu shago ai a faɗa wa 'yan'uwa, sai naji yana cusa min takardar 10.000 a hannu. Na yi rantsuwa har na gaji, sai da na nuna masa takardar lopital sannan ya karɓi kuɗinsa, kuma har yanzu inaga bai yarda ba. Uwargida ta ce in rinƙa shigo da shi ta ƙofar baya.

Ɗan kilando, fitilar baya da na saya kwana biyu ta yi ta mutu. Wacce iri ce mai caji da ke jure ƙura, kuma wajen masu kayan mashin zan nema ko masu kayan waya?