Neman shawara: sansanin ɗalibai a Yankari lokacin dogon hutu

Malamin Bayoloji, Bauchi

Assalamu alaikum. Ni malami ne a wata makarantar sakandare a cikin garin Bauchi, kuma shekara uku ke nan ina kula da ƙungiyar ɗalibai masu sha'awar kare muhalli. Aikinmu bai wuce dashen itatuwa da sharar harabar makaranta ba, alhali ga gandun namun daji na Yankari a bakin ƙofarmu. Ranar da na tambayi ɗalibaina ko su wa suka taɓa ganin giwa ido da ido, biyu ne kacal suka ɗaga hannu, su ma a gidan ajiye namun daji suka gan ta.

Saboda haka nake so in kai ɗalibai ashirin, maza da mata, sansanin kwana biyar a watan Agusta, su koyi yadda ake kare namun daji, su kuma samu horon shugabanci. Shin lokacin ya dace? Sannan ta yaya ake koyar da shugabanci a daji ba tare da abin ya koma lacca irin ta aji ba?

Mai Yawon Daji

Wa alaikumus salam, Malam. Niyyarka mai kyau ce, amma ina ba ka shawara ka sake duba watan. Ƙasashen da muka aro wannan tsari daga gare su suna yin sansaninsu ne a dogon hutu saboda shi ne lokacin ɗumi a wajensu, mu kuwa namu dogon hutun a tsakiyar damina yake faɗowa. A Agusta ciyawa ta fi tsayin mutum, ruwa ya kwanta a kowane kwari, dabbobi sun watsu cikin dajin da faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244, don babu abin da zai tilasta musu zuwa wuri ɗaya. Na taɓa zuwa a irin wannan lokaci, muka yi awa biyu a bayan mota tsando yana cizonmu, ba mu ga komai ba sai gwaggon biri da gadu, waɗanda ko a cikin Wikki, masaukin baƙi na cikin gandun, ma suna yawo tsakanin ɗakuna.

Da rani kuwa ruwa yakan janye, sai ɓauna da gwanki da gwambaza su riƙa gangarowa bakin kogin Gaji, giwaye ma a can ake fi samun su. Hutun Disamba ko na Afrilu ya fi. Afrilu ya fi saurin nuna dabba, sai dai zafinsa ba na wasa ba ne, don haka a fita da asuba da kuma bayan la'asar. Ka kuma lura cewa daga ƙofar shiga ta Mainamaji zuwa Wikki akwai fiye da kilomita 40, ke nan duk abin da aka manta a gari an manta shi.

Ɗan Gefen Daji

Allah ya gafarta Malam, ni tambayarka ta biyu ce ta tsaya mini a rai, kuma zan amsa ta ne a matsayin wanda aka haifa a wani ƙauye da ke iyaka da wannan gandu a ƙaramar hukumar Alkaleri.

An keɓe Yankari tun 1956, an buɗe ta ga baƙi a 1962, ta zama ta tarayya a 1991, sannan ta dawo hannun jihar Bauchi a 2006. Duk tsawon wannan lokaci akwai yaran da suke kwana suna tashi a jikin dajin, amma abin da suka sani game da giwa shi ne ɓarna. Ina ɗan shekara goma sha biyu giwaye suka shiga gonar mahaifina cikin dare ana saura kwanaki a yanke dawa. Da gari ya waye mun tarar da kara a kwance kamar an bi ta kansa da mota, ga sawu mai faɗin faranti a cikin laka, ga kashinsu yana tururi. Mahaifina bai ce uffan ba, ya tsuguna yana tsintar zangarniyar da ta tsira. Idan ka kawo ɗan birni ka ce masa giwa abar tausayi ce, gaskiya ka faɗa, tunda ana ƙiyasta waɗanda suka rage a Yankari ba su wuce 150 ba, kuma suna cikin garkuna mafi girma da suka saura a Najeriya. Sai dai rabin gaskiyar ke nan, ɗayan rabin yana gonar mahaifina.

Shawarata ita ce ka rage ɗalibanka zuwa goma sha biyu, ka cike gurbin da yara takwas daga makarantun ƙauyukan gefen dajin. Ka raba su ƙungiya huɗu a gauraye, kullum a sauya jagora, kuma jagoran ya riƙe aiki na gaske: shi zai tashi 'yan ƙungiyarsa, ya ƙirga su kafin a hau mota da bayan an sauka, ya raba ruwan sha, ya riƙe littafin da ake rubuta abin da aka gani da wurin da sa'ar. Za ka sha mamaki ranar da aka tsaya a kan sawu, domin yaron da ba ya iya haɗa jimlar Turanci shi ne zai gaya wa na ɗaya a ajinka cewa wannan na ɓauna ne, na jiya ne, kuma gabas ta nufa. Daga ranar za su fara sauraron juna, abin da lacca ba ta taɓa sa yaro ya yi ba.

A dare na ƙarshe ka ba su matsala ɗaya su yi shawara a kanta: giwa ta cinye gona, me za a yi? Kada ka ba su amsa. In sun cije, ka ambata musu shingen amya da aka fara gwadawa a Kenya, inda ake rataye amyoyi a kan waya kewaye da gona saboda giwa tana gudun ƙudan zuma, sannan ka bar su su yi gardama a kan wanda zai biya kuɗinsa. Ka nemi ɗaya daga cikin masu gadin dajin ya zauna da su, don su ne suke kwana a daji suna fuskantar mafarauta.

Maman Tagwaye

Malam, ni ta fuskar iyaye zan yi magana. Ba zan saki 'yata ta kwana biyar a daji ba sai na san malamar da za ta kwana da su, na san ɗakinsu daban yake, kuma an ware wa mata nasu lokacin idan za a shiga ruwan ɗumi na Wikki. A tanadi gidan sauro da wanda ya iya taimakon gaggawa. Kuma kada shugabanci ya zama na maza, a bar mata da girki.

Abu na biyu, me za su yi in sun dawo? Ina yarinya ungulu ba ta rabuwa da rufin mahauta, yau 'ya'yana ba su san ta ba sai a karin magana, kuma tun 2015 aka sa irin tamu cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa. A ɗora musu ƙirgar ungulu a mayankar unguwarsu sau ɗaya a wata.

Bamaraɗe a Yamai

Gaisuwa daga Nijar. Ina goyon bayan Ɗan Gefen Daji da misalin raƙuman dawa na Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai. A 1996 guda 49 suka rage, daga baya suka haura 600, har aka ɗauki takwas zuwa Gadabeji a jihar Maraɗi a 2018. Waɗannan dabbobi ba su da shinge, a cikin gonakin mutane suke kiwo, suna cin wake da mangwaro, kuma ba su ƙaru ba sai da mazauna wurin suka fara samun amfani, 'ya'yansu suka zama masu rakiyar baƙi. Sai dai harin da aka kai can a Agustan 2020, wanda ya halaka mutum takwas, ya koya mana cewa kafin a ɗauki 'ya'yan mutane zuwa kowane daji sai an ji ta bakin jami'an tsaro da masu kula da wurin, a makon tafiyar, ba wata guda kafin nan ba.

Malamin Bayoloji, Bauchi

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na janye Agusta, zan kai wa shugaban makarantarmu takarda a kan hutun Disamba, da malamai mata biyu, Maman Tagwaye, kuma ƙungiya biyu cikin huɗun mata ne za su fara jagorantarsu. Abin da ya rage shi ne kuɗin yaran ƙauye takwas ɗin, domin ba zan iya ɗora wa iyayensu ba, iyayen nawa ɗaliban kuma sai na yi musu bayani a taron iyaye da malamai. Ɗan Gefen Daji, idan zan nemi yaran nan, ta wajen shugaban makarantarsu ya kamata in fara, ko sai na fara gaida mai gari?