Ina za a yi wa innata gwajin kansar bakin mahaifa kyauta a Garwa ta Kamaru?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a taimaka min da shawara, abin ya tsaya min a rai.

Innata shekarunta 52, al'ada ta ɗauke mata tun tuni, amma wata uku ke nan tana ganin jini jifa-jifa. Ɓoyewa take yi, sai da na tarar da ita tana wanke zani da asuba sannan ta faɗa min. Ƙosai take soyawa a bakin titi, ba albashi ba inshora.

Na kai ta wani asibiti, kuɗin gwajin da suka faɗa ya fi ƙarfinmu. Na tambaya game da Chèque Santé, shirin nan na rage kuɗin asibiti, aka ce na masu juna biyu ne da jarirai.

Na san a watan Oktoba akan yi gangamin gwajin nono da bakin mahaifa kyauta, har da wanda ake shafa ruwan tsami a duba. To amma mai zubar jini za ta iya jira? Akwai inda ake yi da sauƙi yanzu, ko da Marwa ne ko Ngaundere? Kuma ta ce sai dai mace ta duba ta.