Me ya sa katsewar layi ɗaya ke jefa Yamai duka cikin duhu?

Mazaunin Yamai:
Assalamu alaikum. Ina neman bayani daga masana harkar lantarki. Idan wuta ta faɗi a Najeriya, musamman a lokacin zafi, mu ma sai mu kwana cikin duhu, alhali muna da tashar lantarki ta Gorou Banda. Shin akwai shirin da ake tanada tun kafin matsala ta auku, domin kada ta game ko'ina?

Tsohon ma'aikacin lantarki:
Wa alaikumus salam, malam. Duk injinan da ke haɗe a kan layi ɗaya dole ne su juya da gudu ɗaya, wato hertz 50 a yankinmu. Idan layin Birnin Kebbi mai kilovolt 132, wanda ke kawo mana wuta daga Najeriya, ya katse, nauyin gari yakan faɗo wa injinan gida cikin 'yan daƙiƙoƙi, gudunsu ya ragu, su kuma su kashe kansu domin kada su lalace. Saboda haka ake girka na'urorin da ke yanke wasu unguwanni da kansu da zarar gudun ya fara sauka, a bar wa asibitoci da tashar ruwa ta Goudel wuta. Jama'a suna kuka da delestaj, wato yanke wa wasu unguwanni wuta da gangan, kuma ban ga laifinsu ba, amma wanda aka tsara tun da wuri shi ke hana kowa da kowa ya rasa.

Malama daga Tahoua:
Baba, Allah ya ƙara basira. Sai dai na'ura kaɗai ba ta isa ba. A ranar 14 ga Agusta 2003, layukan wuta sun taɓa itatuwa a jihar Ohio, ƙararrawar ɗakin kula ba ta yi aiki ba, ma'aikata ba su ankara ba har mutane kusan miliyan 50 a Amurka da Kanada suka rasa wuta. Mu kuwa abin da ya same mu a Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar saboda takunkumin ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, babu na'urar da za ta tare shi, tunda a lokacin kusan kashi 70 cikin 100 na wutarmu daga can take zuwa.

Tsohon ma'aikacin lantarki:
Gaskiyarki, 'yata. Ƙa'idar aikin ita ce a gudanar da wuta ta yadda rashin layi ɗaya ko inji ɗaya ba zai kayar da sauran ba, kuma wannan zai yi mana wuya kafin a kammala madatsar Kandadji. Kafin nan, ya kamata a san injin da zai iya tashi da kansa idan komai ya mutu, a kuma riƙa gwada shi, sannan a mayar da unguwanni ɗaya bayan ɗaya, domin idan aka haɗa su gaba ɗaya wutar za ta sake faɗuwa.