Neman shawara: za mu tashi daga tsohon rumbun bayanai zuwa gajimare

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina jagorantar sashen nazarin bayanai a wani kamfanin rarraba kayan masarufi a Kano, mu shida ne. Duk rahotanninmu daga SQL Server 2012 suke fitowa, wato manhajar rumbun bayanai da ke kan sabarmu (kwamfutar da ke ajiye bayanan), wanda wa'adin tallafinsa daga Microsoft ya ƙare tun Yulin 2022. Yanzu shugabanni sun ce mu koma BigQuery, rumbun bayanai na Google da ke gajimare (wato a kan kwamfutocin Google ta intanet), kafin ƙarshen shekara. Damuwata ita ce wanda ya rubuta mafi yawan umarnin lissafin da ke cikin rumbun ya bar aiki, kuma bai bar bayani a rubuce ba. Don Allah ta ina zan fara?

Wani injiniyan bayanai: Wa alaikumus salam, Malam. Kwashe bayanan shi ne mai sauƙi. Inda gizo ke saƙa shi ne umarnin nan da ka ambata, domin yaren SQL, wato yaren da ake rubuta umarnin da shi, na gidajen biyu ba ɗaya ba ne, kuma wani bambancin ba ya nuna kuskure, shiru kawai zai ba ka wata amsa daban.

Ka gwada da kanka. A SQL Server, in ka raba 5 da 2 zai ba ka 2, ya watsar da ragowar. A BigQuery 2.5 za ka gani. Haka kuma, a yadda aka fi saita SQL Server, "Kano" da "KANO" abu ɗaya ne, amma BigQuery gari biyu zai ƙirga maka. Sai maganar lokaci: in aka ɗora sa'o'in ciniki a matsayin UTC, wato agogon bai-ɗaya na duniya, mu kuma muna gaba da awa ɗaya, cinikin ƙarfe sha biyu da rabi na dare zai faɗa lissafin jiya. A ƙarshen wata wannan kaɗai ya isa ya haɗa ka da akanta.

Saboda haka kada ka kashe tsohuwar sabar. Ka bar su biyun suna aiki tare har a rufe lissafin wata biyu ko uku, kullum ana gwada adadin layuka da jimillar kuɗi. Duk inda suka saɓa, a bi diddigi. Wani lokaci ma za ka tarar tsohon ne ke kuskure shekara da shekaru.

Wata mai nazarin bayanai: Na yarda da Injiniya, sai dai ni ba zan kwashe komai ba. Ka fara duba rahotannin da ake buɗewa da gaske. A wurinmu da muka bincika, da yawa babu wanda ya leƙa su tun da daɗewa, muka bar su a can.

Kuma Yaya, ka kula da mutanenka. Wanda ya daɗe yana aiki da tsohon tsari yana jin tsoron a ce ya zama ɗan koyo. Ka ba kowa rahoto ɗaya ya mayar da shi sabon tsari da hannunsa, kada ka miƙa wa ɗan kwangila duka ya gama ya tafi, ku sake komawa gidan jiya.

Wani akanta: Ni ta fuskar aljihu zan yi magana. Da dala ake lissafin kuɗin, kuma kowa ya ga abin da ya sami naira tun Yunin 2023. A tsarin biya-gwargwadon-amfani, BigQuery yana cajin yawan bayanan da umarninka ya karanta ne, terabait na farko (kusan gigabait dubu) a wata kyauta. Wanda ya rubuta SELECT * (wato a kawo komai) a kan babban teburin bayanai zai biya kuɗin dukan ginshiƙan, ko da ya sa LIMIT 10 (wato a nuna layi goma kawai). Ku raba manyan tebura bisa kwanan wata, ku sa wa kowa iyakar abin da zai karanta a rana. Saƙon gargaɗin kasafi sanarwa ce kawai, ba ya tsayar da cajin.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Wallahi maganar "Kano" da "KANO" ta tsorata ni, domin da hannu ake shigar da sunayen dilolinmu. To, sunayensu da lambobin wayarsu fa, za mu iya fitar da su ƙasar waje, inda kwamfutocin Google suke?

Wani lauya: Ranka ya daɗe, Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta gindaya sharuɗɗa kan fitar da bayanan mutane daga Najeriya, hukumar kare bayanai ta ƙasa (NDPC) ce ke sa ido. Google ya buɗe cibiyar ajiye bayanai a Johannesbag ta Afirka ta Kudu a 2024, amma nan ma ƙasar waje ce. Ka sa lauyan kamfaninku ya karanta yarjejeniyar kafin a ɗora komai, kuma in nazarin ba ya buƙatar lambar waya, a cire ta tun daga gida.

Injiniyan bayanai: Ƙari kaɗan, Malam. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku sun katse a gaɓar Afirka ta Yamma, aiki ya tsaya wa mutane da dama. Ku samu layin intanet na biyu daga wani kamfani daban, kuma rahoton da ake lodin motoci da shi da safe a riƙa sauke kwafinsa a ofis tun da asuba.